Kakana da Ya Ɗinke Jirgin Sama

Ina da wani hali da na daɗe ina ɗaukarsa a matsayin baiwa, sai da na haura shekara arba'in na gane ciwo ne. Ba na iya jin mutum ya faɗi abu ba daidai ba in yi shiru. Ko a wajen ɗaurin aure ne, ko a zaman makoki, in wani ya ce motar nan ƙirar Jamus ce alhali ta Japan ce, sai in ji bakina yana ƙaiƙayi har sai na gyara masa. Matata takan ce ko liman ya yi tuntuɓen harshe a huɗuba, ita kam ni take fara tunawa, don ta san ina can sahun gaba ina cije leɓe. Wannan halin ne ya sa na yi wa mahaifina abin da har yau in na tuna shi abinci ke fita mini a rai.

A gidanmu akwai labari guda ɗaya da Baba ya fi so. Labarin mahaifinsa ne, wato kakana, wanda ban tashi na gan shi ba, don ya rasu ina goye. Baduku ne a Kasuwar Kurmi, yana ɗinka sirdi da jaka da takalmi. Baba ya ce a zamanin da ke tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu, lokacin da jirgin fasinja ya fara sauka a Kano daga gabas, wata rana sai ga masinja ya shigo rumfar dukawa, ya ce Baturen filin jirgi yana neman wanda ya iya riƙe basilla. Manyan dukawan suka yi ta kallon juna, kowa yana tsoron abin da zai je ya tarar, a ƙarshe suka tura mafi ƙanƙantarsu. Kakana ke nan, a lokacin bai ma yi aure ba.

Baba yakan gyara zama in ya zo nan. Yakan ce jirgin fuka-fukinsa hawa biyu ne, ɗaya a kan ɗaya, an ɗaure su da wayoyi, ga injuna huɗu kowanne da farfelarsa. Fiffiken ƙasa ne ya yage, tsawon kamu guda. Makaniken Baturen ya ji ciwo a hannu, an naɗe masa shi da bandeji, ba ya iya jan zare. Sai ya ba kakana wata allura doguwa, ta kai daga gwiwar hannu zuwa yatsa, da zare da aka murza da kakin zuma, ya nuna masa wani irin ƙulli sau biyu. Shi yana gefe ɗaya na fiffiken, kakana yana ɗaya gefen, suna miƙa wa juna allurar ta cikin jikin jirgi. Da suka gama aka kawo faci mai baki kamar haƙoran zarto aka liƙa, aka shafe shi da wani ruwa mai wari da ke sa jiri. Da ya bushe, Baturen ya ƙwanƙwasa da yatsa, sai wurin ya yi ƙara kamar fatar ganga. Washegari jirgin ya tashi da mutane a ciki da buhunan wasiƙu, kakana yana tsaye a bakin fili yana bin sa da ido yana addu'a, don akwai ƙulli ɗaya da bai tabbatar ya ja shi sosai ba. Baba yakan rufe da cewa har tsohon ya koma ga Allah yana tunanin wannan ƙullin.

Na ji labarin nan ya fi sau ɗari, kuma ina yaro na fi kowa sonsa. Abin ya lalace ne da na shiga jami'a na fara karatun injiniya. Shekara ɗaya tak na yi, amma na dawo hutun Sallah ina jin kamar ni na ƙera duniya. Ranar da yamma abokan Baba sun cika zaure, ana cin naman Sallah, wani baƙo ya ja zancen jirgi, Baba kuwa ya ɗauko labarinsa. Ni aikina a wurin zuba shayi ne kawai. Amma da ya zo wajen allurar nan, sai ƙaiƙayin ya taso mini.

Na ce, "Baba, jirgi fa ba riga ba ne. Ƙarfe ne. Ba a ɗinka shi."

Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Sai na shiga bayani, na kawo saurin iska, na kawo nauyi, na jefa Turanci biyu-uku don a san na je makaranta. Na ce wataƙila dai kujerar jirgin aka ba tsoho ya ɗinka, ko tantin da Turawan ke zama a ciki, labari ya yi ta girma a baki. Zauren ya ɗauki dariya. Wani aminin Baba, mai yawan barkwanci, ya ce to ashe jikan mai ɗinkin kujera ne ke zuba musu shayi. Baba ma ya yi murmushi, ya dube ni ya ce, to, ga masu ilimi sun iso. Ya miƙo mini kofinsa na ƙara masa shayi, aka shiga wata hirar.

Tun daga ranar ban sake jin labarin a bakinsa ba. Gaskiya kuma ban lura da wuri ba. Da na lura, sai na ɗauka na yi aikin alheri, na raba gidanmu da tatsuniya.

Shekara ashirin bayan haka, annobar korona ta same ni a Kuala Lumpur ina karatun digiri na uku. Ni da matata muna wani ɗan gida a hawa na goma sha ɗaya a Wangsa Maju, tagarmu tana kallon layin jirgin ƙasa na cikin gari. Aikina a kan zaren rama ne, ramar nan dai da ake kwaɗo da ganyenta a gida. A can suna nomanta don igiyar jikinta, a haɗa da wani danƙo a matse, ta zama allo mai ƙarfi marar nauyi. Kullum da safe nakan tafi ɗakin gwaje-gwaje a Jalan Semarak in yi ta karya allunan nan da na'ura ina rubuta inda suka karye. Da aka kafa dokar kulle sai aka rufe jami'ar. Mutum ɗaya ake bari ya fita daga kowane gida don cefane, ga shingen 'yan sanda a hanya, masallatai a rufe. Jirgin ƙasan yakan wuce ta gaban tagarmu da fitilunsa a kunne, ba kowa a ciki sai mutum biyu ko uku da takunkumi.

Farfesan da ke duba aikina, wani dattijo Bamalaye mai sanyin magana, ya kira ni ta bidiyo ya ce tunda ba halin gwaji, in zauna in rubuta babin tarihi: yadda aka yi amfani da zare da yadi da katako a jikin ababen hawa kafin a koma ƙarfe. Na ɓata rai, don ni a ganina tarihi aikin waɗanda lissafi ya kora ne. Ya yi dariya ya ce, "Boleh lah, za ka iya, zauna ka karanta." Ya turo mini tarin tsofaffin takardu da aka ɗauka a hoto, a cikinsu har da wani littafin koyar da gyaran jirage na wancan zamanin.

Ranar da na buɗe shi ana ruwan sama irin na can, wanda ke zuwa bayan azahar kamar da alkawari. Ina ta wuce shafuka ba da wata niyya ba, sai na ci karo da wani zane. Mutum biyu ne, ɗaya a kowane gefen fiffike, da doguwar allura a tsakaninsu. A ƙasa an zana ƙullin mataki-mataki. An rubuta cewa a murza zaren da kaki. Shafi na gaba ga facin, bakinsa a yanke kamar haƙoran zarto, an ce ana yin haka ne don kada gefen ya zare. Sai ruwan da ake shafawa don yadin ya ɗame, da gargaɗin cewa a yi aikin inda iska ke shiga saboda warinsa yana bugarwa. Har ƙwanƙwasawar da yatsa tana ciki.

Na tashi na shiga kicin na sha ruwa, na dawo na sake dubawa, kamar zanen zai canza. Daga nan na shiga neman irin jirgin da ya riƙa sauka a Kano a waɗannan shekarun. Ban wahala ba na samu hotonsa: fuka-fuki hawa biyu, wayoyi, injuna huɗu. Gangar jikinsa katako ce, fuka-fukin kuma an lulluɓe su da yadi. Ba ya ɗaukar mutane da yawa, bai fi cikin ƙaramar motar haya ba. Yakan taso daga Khartoum ya yi ta yada zango a hanya kafin ya iso. Wani abin da ya ƙara ba ni haushi, irinsa ya riƙa tashi daga Penang, nan cikin ƙasar da nake zaune. Ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. Abu ne da duk wanda ya ɗan buɗe littafi zai gani, ni ne dai ban buɗe ba, na je na buɗe bakina.

Matata ta same ni zaune na zuba tagumi, ta ɗauka an yi rasuwa a gida. Na ba ta labarin daga farko, don ita ba ta taɓa jin sa ba, an daina faɗarsa tun kafin ta shigo gidanmu. Ta dubi zanen, ta dube ni, ta ce, "To yallaɓai, me kake jira? Just call him. Yanzu safiya ce a can."

Na ce ba a yin haka. Na ce uba ba abokin wasa ba ne da za a ba shi haƙuri ta waya, sai mutum ya je ya cire takalmi ya durƙusa a gabansa, haka aka rene mu. Na ce da an buɗe filayen jirgi zan tafi, in ya so in tara abokan nasa a zauren nan in janye maganata a gabansu kamar yadda na yi ta a gabansu. Maganar ta yi daɗi a kunnena, har na ji kamar na riga na yi. Amma ni na san gaskiya. Kunya nake ji, kuma ban saba cewa na yi kuskure ba, bakina bai san hanyar kalmar ba. Rufe filayen jirgin nan ya zame mini mafaka, Allah Ya yafe mini, har nakan ji wani sauƙi duk lokacin da aka ƙara wa'adin kullen.

Duk Juma'a ina kiran Baba. Ƙanwata, wadda ke zaune da shi tun rasuwar mahaifiyarmu, ita ke riƙe masa wayar. Mukan gaisa, in tambayi ƙafarsa, ya tambayi karatu, ya ce in gaida iyali, ya sa mini albarka. Sau nawa nakan ji maganar ta taso har maƙogwaro, sai in tambaye shi ko an fara ruwa a can.

Azumi ya shigo muna kulle. Ba kasuwar buɗa-baki a Kampung Baru, inda muka saba zuwa mu yi ta zagaye muna sayen abin da ba mu san sunansa ba. Nakan sauka wajen mamak ɗin ƙasan gidanmu, wato shagon abincin Indiyawa Musulmi, in yi tapau, a ƙulle mini a leda in hau da shi. A cikin azumin na gama babin. Kuma a nan ne na yi abin da ya fi na farko muni, don na farko da jahilci na yi shi, wannan kuwa ina sane. Na saka labarin kakana a cikin babin. Da aka shirya taron ɗalibai ta bidiyo, na ba da shi tiryan-tiryan, da allurar, da kakin, da ƙullin da bai tabbatar ba, yadda Baba ke bayarwa, har inda yake dakatawa nake dakatawa. Farfesan ya ji daɗi ƙwarai, ya ce ashe aikin nan a jinina yake. Ɗalibai 'yan ƙasashe daban-daban suka yi ta turo alamar tafi. Na karɓi yabon ina murmushi. Da na rufe kwamfutar, matata tana bakin ƙofa, ta ce Malayawa da Larabawa sun ji, saura mai labarin. Na yi fushi da ita kwana biyu, saboda gaskiya ta faɗa.

A wannan lokacin ne dattawa suka yi ta rasuwa a Kano. Kusan kullum in na buɗe waya sai na ga sanarwa. A cikin mako biyu aka rasa uku daga cikin mutanen zauren nan, har da mai barkwancin. Taron da nake ta shiryawa a raina yana ta watsewa ɗaya bayan ɗaya, sun tafi da dariyarsu, ba wanda zai koma ya gaya musu cewa ba kujera ba ce. Duk da haka ban kira ba.

Bayan ƙaramar Sallah da 'yan kwanaki ƙanwata ta kira ni ba ranar Juma'a ba. Ta ce, Yaya, jikin Baba fa sai a hankali. Ƙafafun sun kumbura, numfashi yana yi masa wuya in ya kwanta, abinci sai an lallaɓa. Ta ce likita ya zo gida ya duba, ya ba da magani, amma ita dai hankalinta bai kwanta ba. Na tambaye ta ko yana gane mutane, ta ce sarai, da safe ma ya fi samun ƙarfi. Na ajiye wayar na tsaya a taga. Ko da ina da fiffike ba inda zan bi, ƙasar a rufe, tamu ma a rufe. Abin da na ji a lokacin tsoro ne tsagwaronsa, tsoron kada mutumin nan ya tafi da maganata a kansa.

Washegari bayan la'asar, wato hantsi a Kano, na yi wanka na sa kaftani da hula kamar mai zuwa gaisuwa. Na tura wa ƙanwata zanen da hoton jirgin, na ce ta nuna masa in na ce ta nuna. Na jingina wayar a kan kujera, na cire silifas, na durƙusa a kan tayil a gabanta. Matata ta shige ɗaki ta ja ƙofa.

Fuskarsa ta bayyana, ta rame, an jingina shi da filo. Ya ƙura ido ya tambayi ƙanwata me ya sa nake ƙasa, ko faɗuwa na yi. Na gaishe shi, ya amsa. Na ce ina da magana, kuma na daɗe ina riƙe da ita. Na tuna masa da Sallar nan da zauren nan, na ga alamar bai manta ba, don ya kawar da kai gefe. Na ce wa ƙanwata ta nuna masa. Ya karɓi wayar da kansa ya kai ta daf da idonsa, ni kuma ba abin da nake gani sai goshinsa da gefen hularsa. Ya daɗe a haka. Ina jin numfashinsa. Ya tambaya ko wannan doguwar abar allura ce, na ce ita ce. Ya tambaya ko Turawa ne suka zana, na ce su ne, a littafinsu na gyaran jirgi. Na gaya masa komai yana ciki, kakin, da facin, da ruwan mai wari, ba abin da tsoho ya ƙara ko ya rage.

Na ce, "Baba, ni ne ban sani ba. Na ƙaryata ka a gaban mutane, kuma kai ne da gaskiya. Don Allah ka yafe mini."

Ya mayar wa ƙanwata wayar, fuskarsa ta dawo. Ya ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda, ya ce wannan ai ya wuce tuntuni, yaro ne ni a lokacin, ya yafe duniya da lahira. Na ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗata, har na fara shirin tashi. Raina ya ce ashe abin ma bai kai yadda nake tsoro ba.

Amma bai gama ba. Ya mayar da kallonsa wani wuri da ba ni ba, leɓensa yana motsi. Sai ya ce, a hankali, shi ai bai ɗauka na ƙaryata shi ba. Shi bai ga jirgin ba, ba a ma haife shi ba, abin da aka gaya masa ya faɗa. Ya ce a ranar da na yi maganar ya kwana yana juya ta, ya ga ni ne na yi karatu, ni aka tura in koyo sanin ƙarfe da injin, ba dalilin da zai sa in faɗi abin da ban sani ba. Don haka ya yarda da ni.

"Tun daga ranar," in ji shi, "duk sallar da na yi, in na zo yi wa tsohona addu'a, sai na ƙara da cewa Allah Ya yafe masa ƙaryar jirgin nan. Shekara ashirin ban tsallake ba ko sau ɗaya."

Na ji ƙanwata ta ja numfashi a bayan wayar. Ni kuwa na kasa ɗaga kaina.

Ya ce, "Kai dai ka yi sa'a, ka same ni da rai ka ba ni haƙuri. Ni fa, wa zan je in ba?"

Ya jira ni kaɗan, sannan ya ce wa ƙanwata ta ajiye wayar ta kawo masa ruwan alwala.